Ɗakin jirgi ya zama tanda, wace esi zan saya?

Ɗan Yawuri a Ikko:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin masu sani. Shekarata uku ina kula da jirgin ruwan maigidana a nan Legas, a rafin da ya raba Ikoyi da Victoria Island. Jirgin faiba ne, tsawonsa kamar mita 9, injin fetur biyu a baya, da ɗan ɗaki a gaba mai gado biyu. Ɗakin bai wuce mita 3 ba, in na miƙe tsaye kaina na gogar rufi. A ciki nake kwana. Tun da Fabrairu ta kama barci ya ƙaurace mini. Da azahar ba ka iya ɗora tafin hannu a rufin, da dare kuma zanen gado sai ka matse shi. Ni a bakin ruwa aka haife ni, amma zafin Yawuri daban, wannan kamar an rufe ka a tukunyar dambu. Maigida ya ce in nemo esi ta tafi-da-gidanka, amma kada a huda masa jirgi. A jeti, inda muke ɗaure jirgin, akwai wuta, sai dai ranar Asabar mukan fita mu kwana a kan ruwa wajen Tarkwa Bay. Wacce zan saya?

Basakkwace:
Wa alaikumussalam. Malam kada ka ɓata kuɗin mutane. Sayi kula mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa fanka na hurawa. Wutarta ba ta kai ta talabijin biyu ba. Mu nan da muke ganin digiri 42 a Afrilu da ita muke barci har da minshari.

Mai Gyaran Firji, Sabon Gari:
Basakkwace, ka ba shi maganin ciwon da ba nasa ba. Kular nan ba sanyi take ƙerawa ba, ruwa take busarwa, busarwar ce ke ɗauke zafi, kamar dai randa. A Sakkwato da bazara laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, iskar ƙishirwa take ji, duk ruwan da ka ba ta shanyewa take. Iska mai digiri 40 za ta iya fitowa daga kula tana ashirin da wani abu. A Legas kuwa laimar tana yawan wuce kashi 80, ballantana a kan ruwa. Iskar ta ƙoshi. In digiri 32 ne, ko ka yi sa'a biyu zuwa uku za ta rage maka, sannan ta ƙara jiƙa ɗakin. Ka tuna tukunya cikin tukunya ta marigayi Mohammed Bah Abba, wadda ta ci lambar yabo ta Rolex a 2000? A ƙauyukan Jigawa ta yi suna, inda iska ke bushe. Kai ta Apapa ka gani ko tumatir zai kwana uku.

Ɗan Yawuri a Ikko:
To tunda an zo nan bari in tona asirin kaina. Na riga na sayi kular da kuɗina, sati biyu da suka wuce. Daren farko na tashi tagogi na ɗigar ruwa, kwana biyar kuma baƙin fumfuna ya fito a bayan katifa. Tana nan a gefe na rufe ta da buhu.

Basakkwace:
Ashe ma ka riga ni. Allah ya ba da haƙuri, na janye.

Bazazzagi:
Yau Bakano ya faɗi gaskiya ba a biya shi ba. A rubuta ranar.

Mai Gyaran Firji, Sabon Gari:
Bawana, manya na magana, je ka kawo mana ruwa. Ɗan Yawuri, ka riƙe abu ɗaya kafin ka shiga kasuwa: esi kwasar zafi take daga wuri ta zubar a wani wuri. Tambayarka ta farko ba wane kamfani ba ce, ina zafin zai fita? Ta tafi-da-gidanka mai taya iri biyu ce. Akwai mai tiyo ɗaya, akwai mai tiyo biyu. Mai tiyo ɗaya iskar ɗakin da ta sanyaya ita take zuƙa ta huce kanta da ita, ta watsar waje. Duk iskar da ta fitar dole wata ta shigo ta maye gurbinta, ta ƙasan ƙofa, ta kowace kafa. A gida iskar zaure ce za ta shigo, ka yi asarar sanyi kawai. A jirgi ban san me ke ƙarƙashin daɓenku ba, wannan sai masu jirgi. Mai tiyo biyu kuwa daga waje take jawo iskar huce kanta ta mayar waje, ba ta taɓa ta ɗaki.

Amma in ni ne, ta taga zan saya. Rabinta mai zafi a waje yake gaba ɗaya, ta fi arha, ta fi ƙarancin cin wuta, kuma kowane yaro a layinmu zai gyara ta.

Tsohon Matuƙi:
Ɗana, ni zan gaya maka abin da ke ƙarƙashin daɓen. Shekara ashirin da shida na yi tsakanin Fatakwal da Bonny ina ɗaukar ma'aikata. A jirgi irin naka tankin fetur yawanci a ƙasa yake, da ruwan da ke taruwa a gindin jirgi, da batir. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa yana jira. Mai tiyo ɗaya za ta jawo maka shi cikin ɗaki, kuma kayan wutar gida ba a yi su don su zauna cikin tururin fetur ba, kowace kunnawa akwai ɗan tartsatsi a ciki. In ka taɓa jin warin mai a ɗakin nan, a nemo inda yake yoyo kafin a yi maganar esi.

Sannan ku duka kun yi gaggawa. Kun tafi kwasar ruwa ba ku toshe ɓular ba. Rana tsaka tana sauke kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Rufin ɗakinka ko mita 6 ne, lissafa. Farin fenti yana mayar da wani kaso, sauran faiba ke shanyewa ta riƙe, ta dinga sako maka har bayan isha'i. Ka ɗaura rumfa da farin tamfol a saman ɗakin, ka bar tazarar kamu biyu tsakaninta da rufi don iska ta ratsa. Kada ka shimfiɗa shi a kan rufin, wannan bargo ka lulluɓa. Tagogi kuma a rufe su daga waje, don in rana ta riga ta ratsa gilashi labulen ciki kaɗan yake hanawa.

Ɗan Yawuri a Ikko:
Baba na gode. Warin mai kam nakan ji shi in an cika tanki, amma yakan tafi. Rumfa kuma maigida ya ce tana ɓata wa jirgi kyau.

Tsohon Matuƙi:
Ka ce masa ya zo ya kwana ɗaya. Mai igiya ake yi, a kwance ta cikin minti biyar in za a fita. Warin nan kuma kada ka ce yakan tafi, hancinka ne ke sabawa. A duba tiyon cika tanki da na numfashinsa.

Injiniyar Sola:
Sannunku. Bari in shigo ta wajen wuta, don a nan mafarkin yawancin mutane ke wargajewa. Abin da ake kira doki ɗaya a kasuwa shi ne BTU 9,000 (BTU ma'aunin zafin da esi ke kwashewa ne a awa), doki ɗaya da rabi kuma 12,000. Mai taya ta doki ɗaya tana cin wat 900 ko kusa da haka. A jeti ba matsala. Matsalar daren Asabar ce.

Ɗauki batir mai bolt 12, amfiya 200. A takarda wat 2,400 ke ciki na awa ɗaya. Amma batirin ruwa in kana son ya yi rai rabi kawai za ka sha, saura 1,200. Inbata ma tana cin nata, sai esin ta koma kamar wat 1,000. Awa ɗaya da 'yan mintuna ke nan, batir ya kwanta. Kuma a bolt 12 kusan amfiya 85 ke bi ta waya, waya mai kaurin ɗan yatsa ake nema, in ka sa siririya za ta narke. Dare na awa takwas, ko da kwamfireso rabin lokaci yake aiki, kana neman kilowat 4. Batir huɗu ke nan, kowanne kusan kilo 60, ka ɗora wa jirgi nauyin ƙarti uku da ba sa sauka. Na litiyam mai kilowat 5 zai yi, nauyinsa bai kai kilo 50 ba, amma ka fara tambayar kuɗinsa kafin ka gaya wa maigida. Sola kuma don cika shi kullum a Legas sai faifai biyu zuwa uku manya, kowanne ya fi ƙofar ɗaki girma. Ina za ka sa su?

Kada kuma ka kuskura ka ja daga batirin tayar da inji. Ka wayi gari a tsakiyar ruwa makulli na ƙas-ƙas.

Ɗan Zongo, Yeji:
Mu a tafkin Volta masu kamun kifi ƙanƙara ce abokiyarmu. Wani yaro ya huda kular kifi, ya sa ƙaramar fanka a gefe ɗaya, bututu a ɗaya gefen, ya cika ta da ƙanƙara. Iska mai sanyi na fita wallahi, na sa fuskata na ji. Me zai hana ya yi haka ranar Asabar?

Injiniyar Sola:
Yaya, sanyin gaske ne, ba kamar na kula mai ruwa ba, amma ɗan kaɗan ne. Kilo 10 na ƙanƙara in ta narke tana ɗauke BTU 3,200 ko kusa. Esi mai doki ɗaya tana yin wannan cikin minti ashirin da kaɗan. Ai kalmar tan da masu esi ke faɗa daga ƙanƙara aka samo ta: BTU 12,000 a awa shi ne sanyin da tan ɗaya na Amurka, kilo 907, ke bayarwa in ya narke cikin awa 24. In fuskarsa kawai yake so ta huce ya samu barci ya ɗauke shi, za ta yi. A daskarar da ruwan cikin jarkoki a rufe, don kada laima ta ƙaru, da safe kuma ya sha.

Bazazzagi:
Ni dai ban ga abin wahala ba. Ɗan Tiger ɗaya a bayan jirgi, a ja waya, a rufe ƙofa, a kwana lafiya.

Nas Mai Aikin Dare:
Don Allah Malam ka goge wannan maganar, wani zai karanta ya aikata. Hayaƙin janareto yana ɗauke da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, warin da kake ji na mai ne, ita kanta shiru take shiga. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kamawa sau fiye da 200. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. A kan ruwa mutum zai ce juwar jirgi ce, a Najeriya kuma kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya sha magani ya koma ya kwanta. Wanda ke barci ma ba ya jin komai. Na karɓi iyali guda da asuba, an sa janareto a baranda an rufe ƙofa saboda ruwan sama. Ba zan ƙara bayani ba.

Yanzu ku haɗa da abin da Mai Gyara ya faɗa: ɗaki ƙarami a rufe, esi mai tiyo ɗaya na zuƙo iska daga waje, janareto na mita 4 daga kanka. Ƙanina, ko wace esi ka saya, ka sayi ƙararrawar kabon monoksaid mai batir ka liƙa kusa da inda kake sa kai. Ba ta hayaƙin gobara ba, daban suke, ka karanta jikin kwalin.

Bazazzagi:
Anti na goge. Allah ya jiƙansu.

Tsohon Matuƙi:
'Yata ta faɗi gaskiya, in ƙara. Ko ba ka da janareto, na maƙwabci ya isa. Ranar Asabar a wuraren shaƙatawa jirage kan ɗaure gefe da gefe, salansar wani tana kallon tagarka. Kuma in jirgi na tafiya a hankali hayaƙin injinka yakan naɗo ya dawo ta baya ya shiga ɗaki in ƙofar baya na buɗe.

Mai Gyaran Firji, Sabon Gari:
Banda haka ma ɗan Tiger wat 650 yake bayarwa, esin na neman 900, kuma lokacin tashi kwamfireso na fizgar ninki uku ko fiye. Ko Honda EU22i mai wat 1,800 wani lokaci sai ta yi tari in esin ba mai inbata ba ce. Mai inbata a hankali take tashi.

Baba, ni fa ina nan kan ta taga. A sa ta a ƙofar ɗakin a kan katako, a cike gefe da filawud.

Tsohon Matuƙi:
Na ga masu yin haka, tana sanyi ƙwarai, ban musa ba. Amma ƙofar nan ita ce hanyar fita. Wuta ta tashi ƙarfe biyun dare, ko igiya ta tsinke, za ka tsallake ƙarfe mai kilo 30 cikin duhu? In za a sa ta taga, a ɗora ta a sama kusa da ƙofar rufi, a yi mata akwati ya tura sanyin ƙasa. Turawa ma sun yi irinta ta musamman, Cruisair ta yi wadda ake ɗorawa a kan ƙofar rufi, sai dai wadda na sani ta wutar Amurka ce, bolt 115. Tamu 230 ce. Duk tokumbo da ka gani, juya bayanta ka karanta.

Esin jirgi ta ainihi, irin ta Dometic ko Webasto, ba da iska take huce kanta ba, da ruwan da jirgin ke kai. Famfo ya jawo ruwa ta ƙasa, ya zagaya, ya tofar ta gefe. Ba tiyon zafi, ba ƙara, tana ɓoye ƙarƙashin gado. Ita ce maganin gaske, amma sai an huda jirgi, maigidanka kuma ya hana. Kuma a ruwan Legas kullum kana tsugune kana wanke rariyarta. Leda, robar fiya wata, ga ciyawar nan da muke kira kainuwa, wadda ta shigo ta Badagry tun 1984 ta ƙi tafiya. Dashen Allah dai, amma ba a cikin famfona ba.

Mai Gyaran Firji, Sabon Gari:
Maganar ƙofa ban yi tunaninta ba, Baba. Mu a tudu muke. Na sallama rabi.

Ɗan Yawuri a Ikko:
Hajiya Injiniya, waɗannan ƙananan masu batir da ake tallatawa a Facebook fa?

Injiniyar Sola:
Esi ce ta gaskiya, da kwamfireso, amma duba lambar. Zero Breeze Mark 2 BTU 2,300 ce, EcoFlow Wave 2 kuma 5,100. Mutum ɗaya a kwance yana fitar da zafi kusan wat 100, wato BTU 340. Da dare, rufi ya huce, kai kaɗai, mai 5,100 za ta riƙe ɗaki irin naka. Da rana ba rumfa, ko kusa. Mai 2,300 kuwa sai ka rataya labule ka raba gadonka da sauran ɗakin. Awoyin da ake rubutawa a talla na matakin ƙasa ne, batirin Wave 2 wat 1,159 ne na awa ɗaya, in ka buɗe ta duka awa biyu zuwa uku. Su ma sai an fitar musu da tiyo waje.

Shawarata ka raba matsalar biyu. Kwana shida a jeti: mai tiyo biyu, mai inbata. Wasu kwalayen za ka ga lamba biyu, babba da ƙarama, ƙaramar ce gaskiyar abin da zai iso jikinka. Kada ka sayi wadda ta fi ƙarfin ɗakin, za ta yi sanyi da wuri ta mutu ba ta tsotse laima ba, ka kwana cikin sanyi mai danƙo. Daren Asabar kuma fanka biyu masu bolt 12, kowacce ba ta cin amfiya ɗaya.

Wutar jeti kuma a sa mata makashin yoyon wuta mai miliamfiya 30, da waya ɗaya doguwa ba mai haɗi ba. Wutar da ta zurara cikin ruwa tana sandarar da mai iyo, ta fi haɗari a ruwan daɗi, rafinku kuma da damina gishirinsa raguwa yake.

Tsohon Matuƙi:
Daren Asabar ma ya fi sauƙi. Jirgin da ke kan anka yakan juya hanci wajen iska in igiyar ruwa ba ta fi ƙarfi ba. Ka ɗinka ƙyalle kamar rabin buhu, ka rataya a kan ƙofar rufi, bakinsa na kallon gaba, ka buɗe ta baya. Iskar teku za ta bi ta kanka ta wuce. Gidan sauro yana rage ta, amma kada ka cire.

Mai Gyaran Firji, Sabon Gari:
Abu uku daga wajena in ka sayo. Tiyon zafi a gajarce shi, kada ya lanƙwashe, a naɗe shi da soso, in ba haka ba shi kansa hita ne a ɗaki. A cire tayoyin ko a ɗaure ta da bel a jikin bango, igiyar ruwan jirgin fasinja ɗaya ta isa ta kifar da ita. In ta zo a kwance a mota, bar ta tsaye ta kwana kafin ka kunna. Duba kuma gas ɗin: in ka ga R290, ɗan uwan gas ɗin girki ne, yana kamawa, ya fi iska nauyi. Kaɗan ne a ciki, amma bayan abin da Baba ya faɗa game da gindin jirgi, gara ka sani. Ashe huɗu ne ma.

Mai Kula da Zaure:
Masu turo lambar waya suna cewa a same su ta akwati, na cire saƙonni uku. A yi talla ranar Juma'a.

Ɗan Yawuri a Ikko:
Salam jama'a, na dawo bayan sati uku. Makaniki ya duba, tiyon cika tanki ne ya tsage a wajen maɗauri, ya sa yatsa ya nuna mini jiƙar. An canza. Maigida da ya gani bai ƙara musu a kan komai ba, har rumfar. Na rataya ma'aunin zafi a ɗakin: kafin rumfa da azahar 41, bayan rumfa 35, ban kunna komai ba. An sayi mai tiyo biyu, na yanka filawud daidai ƙofar rufi na huda rami biyu, na juya bakunansu baya da baya don kada ta sake zuƙar abin da ta fitar. Da dare tana sauke ɗakin zuwa 25. Ƙararrawar Anti Nas tana saman kaina, kuma ta yi kuka sau ɗaya a Tarkwa Bay, jirgin da ke gefenmu ne ya tayar da janareto. Muka kwance muka matsa.

Abin da ya rage ruwa ne. Mai shagon ya ce ba ta tara ruwa, da kanta take busarwa. Ƙarfe uku na dare ta mutu, fitila ja na ƙiftawa, na buɗe toshiyar ƙasa ruwa ya malale mini a kafet.

Kular kuwa na ɗora ta a motar Yawuri. Inna ta bugo ta ce tun da aka haife ta ba ta yi barcin bazara irin wannan ba.

Basakkwace:
Kun gani ko! A gaida Inna.

Mai Gyaran Firji, Sabon Gari:
A laimar Legas kusan lita ɗaya take tsotsa a awa, busarwar ba ta cim mata. Akwai wata toshiya a tsakiyar bayanta, ba ta ƙasa ba. Sa mata siririn tiyo ya gangara cikin jarka mai lita 20, ka ɗaure jarkar, kada tiyon ya hau sama ko kaɗan. Kada ka sake shi gindin jirgi, wari zai dame ka. Ragar tace iskarta kuma a wanke duk sati biyu, iskar gishiri ce.

Ɗan Yawuri a Ikko:
Na ga toshiyar, Oga. Jarkar ce ta fi ta tsawo, sai na ɗora esin a kan akwatin kayan aiki. Zan gani da asuba.